Ƙofar da Aka Daina Ƙwanƙwasawa

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na fara da sunan Allah, sannan na biyo da gaisuwar ƙanwa ga yayanta, gaisuwa ta ladabi wadda kewa ta cika. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai, kai da Antinmu da yaran gaba ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da ka ambata, Ya sa zaman da kake yi a can ya zama na albarka, Ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri.

Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwoyin da suka tilasta mata yin salla a kan kujera, abin da har yanzu ba ta yafe wa kujerar ba. Kullum na kawo mata maganin sai ta ce wai ta haifi likita ta raine ta, amma an rasa wanda zai mayar mata da gwiwarta. Baban yara yana gaishe ka ƙwarai, aikinsu na makaranta ya sa shi gaba. Babbar 'yarmu tana shirin jarrabawa, ta rame kamar ita ce ta ƙirƙiro karatu. Auta kuwa ya yi tsawon da in ka gan shi ba za ka shaida shi ba, abinci kawai yake aunawa ciki kamar rijiya.

Yaya, na san ka yi ta jiran amsata game da maganar da ka yi mini, cewa asibitin da ke kusa da ku yana neman likita, kuma ka ga ya dace in nema, in dawo kusa da kai da iyalina. Ka ce muryata ta sauya a waya, ka ce ba haka ka san ni ba. Na yi shiru ban amsa ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗauki shirun a matsayin raini. Na ji tsoron in amsa maka da ɓacin rai, in yanke hukunci a kan mutane alhali ban gama bincika kaina ba. Yanzu na zauna na yi tunani gwargwadon iyawata, shi ya sa na zaɓi in rubuta, domin a waya kunya da gajiya ba za su bar ni in kai ƙarshen zancen ba.

Kafin ka fahimci abin da ke damuna, dole in bayyana maka wata hanya ta aiki da muke da ita a sashenmu, sashen da ake kwantar da manya masu ciwon ciki da ƙirji. Idan likita ya ci karo da ciwon da ya shige masa duhu, ba ya yanke shawara shi kaɗai. Sai ya ɗauki katin mara lafiyar da hoton da aka ɗauka, ya bi baranda, ya ƙwanƙwasa ƙofar abokin aikinsa, ya ce ya zo aron ido. Haka muke kiran abin, aron ido. Wanda aka ƙwanƙwasa wa sai ya ajiye abin da yake yi, ko da shayi ne a bakinsa, ya ɗaga hoton sama wajen hasken taga, ya faɗi abin da ya gani. Babu dokar da ta rubuta haka, kuma ba a koyar da shi a makaranta. Amma a kansa aikin ya tsayu, domin ran mutum ya fi ƙarfin ido biyu. Shekaru da yawa ƙofata tana cikin waɗanda aka fi ƙwanƙwasawa. Ban taɓa ɗaukar hakan wani abu ba, har wani lokaci nakan yi tsaki a raina idan aka katse mini rubutu. Allah Ya yafe mini wannan tsakin.

Abin ya faro ne daga taron safe, wanda muke yi kafin zagayen duba marasa lafiya, inda ake bitar waɗanda jikinsu ya tsananta. An kawo batun wata tsohuwa da ƙodarta ta yi rauni, aka karanta magungunan da aka ba ta. Na ce ɗaya daga ciki bai kamata a ba mai irin wannan ƙodar ba, kuma ina ganin shi ne ya ƙara kwantar da ita. Wanda ya rubuta maganin shi ne shugaban sashen, wanda kowa ke kira Babba. Ba a ɓoye yake ba, sa hannunsa na nan a katin, na kuma gan shi. Daga baya ne aka fahimtar da ni cewa irin wannan magana ba a taro ake yin ta ba. Akan bari a tashi, a shiga ƙaramin ɗakin shan shayi, a faɗe ta cikin raha ana juya cokali, a gyara maganin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ni kuwa ka san halina, ban cika zama a wannan ɗakin ba, domin rabin hirar cikinsa naman mutane ake ci. Abin da na gani a safiyar nan shi ne ƙananan likitoci sun duƙufa suna rubuta abin da aka karanta a matsayin daidai, kuma gobe su ne za su ba wata tsohuwar. Babba ya yi murmushin yaƙe, ya ce an gode wa Alƙaliya, a ci gaba. An canja maganin, tsohuwar ta samu sauƙi, sunan kuwa ya bi ni.

Ba wanda ya zage ni, Yaya, ba wanda ya ɗaga mini murya. Da an yi haka da na san inda zan kai kukana. Ana gaishe ni, ana tambayar lafiyar Inna. Ƙofata ce kawai aka daina ƙwanƙwasawa. Ina zaune ina jin takun mutum a baranda, na san takun kowa, sai ya rage sauri daidai ƙofata, sannan ya wuce zuwa ta gaba. Idan ni na ɗauki kati na je aron ido, sai in tarar kowa yana da uzuri. Wata abokiyar aikina da muka fara aiki tare, wadda ake kira Mai Tabarau, takan ce mini wallahi yanzu ake jiran ta a ɗakin gaggawa, in ajiye za ta duba, sai in dawo in sami katin a inda na bar shi, an ɗora kofi a kai. Idan na shiga ɗakin shayi ɗiban ruwan zafi, sai hira ta mutu, a koma maganar tsadar mai da cunkoson hanya har in fita. An taɓa sauya lokacin taron safe, kowa ya sani ban da ni, na iso ana naɗe takardu. A hankali kuma duk mai ciwon da ya gagara, wanda ba a son ya lalace a hannun kowa, sai ya faɗo a gadajen da ke ƙarƙashina. Sun mayar da ni saniyar ware cikin ladabi da sallama.

Na tuhumi kaina fiye da yadda na tuhume su. Na tambayi zuciyata ko gaskiya na so in faɗa a ranar, ko kuwa na so a ga na sani. Na tambaye ta ko ƙauracewar da nake yi wa ɗakin shayi tsoron Allah ne, ko girman kai ne ya sa rigar tsoron Allah. Na kuma ce mata, idan aikin nan don Allah kike yi, me ya dame ki da ƙwanƙwasa ƙofa? Wanda kike yi dominSa ai Yana gani. Na daɗe a kan wannan tambayar, har na yi zaton na kama kaina da son yabo. Ban wanke kaina ba, domin ban san abin da ke ƙarƙashin zuciyata ba sai abin da Allah Ya nuna mini. Na je ofishin Babba na ce masa idan yadda na yi maganar ya ɓata masa rai ya yi haƙuri. Ya ce haba Likita, wace magana, shi ai ya manta, ya miƙo mini alewa daga cikin kwalbar da ke kan teburinsa. Na fito da alewar a hannu, kuma babu abin da ya sauya. Abin da na iya ganowa shi ne, ba yabon nake kewa ba. Tsoro nake ji. Rayukan nan amana ne, ni kuwa mutum ce mai kuskure, kuma an janye mini hannun da ke tare ni idan na yi tuntuɓe.

Wannan tsoron ne ke cin jikina. Layin marasa lafiya bai ragu ba, kullum baranda a cike take tun kafin in ajiye jaka, amma da can gajiyar a ƙafa take tsayawa, in na kwanta ta sauka. Yanzu ta koma kai. Duk maganin da na rubuta sai na sake dubawa, in fita, in dawo in sake dubawa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne salla. Sai in tayar da kabbara, in tsinci kaina a ruku'u ina karanta hoton ƙirjin wani, ban san surar da na karanta ba. Baban yara ya ce mini wai yanzu idan ya yi sallama nakan amsa kamar mai magana daga ƙasan rijiya, ya ce shi dai likita ya aura, ba a gaya masa har da asibitin za a kawo masa gida ba. Ya faɗa ne don in yi dariya, na kuwa yi, don kada ya ji babu daɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani tela da aka kwantar a gadon da ke jikin taga. Dattijo ne mai barkwanci, ya zo ƙafafunsa a kumbure, numfashi yana yi masa wuya, ba ya iya kwanciya sai a jingine. An ɗauka ciwon zuciya ne irin wanda muka saba gani, aka ba shi maganin da aka saba bayarwa, bai motsa ba, sai aka turo shi wurina. Da na saurari ƙirjinsa na ji bugun zuciyar can nesa, kamar ana buga ganga a bayan gari. Na duba hoton, zuciyar ta yi faɗi kamar tulu. Raina ya ba ni cewa ba zuciyar ce ta gaza ba, ruwa ne ya taru a cikin jakar da ke lulluɓe da ita yana matse ta. Idan haka ne, maganin da ake ba shi ƙara masa wahala yake yi, kuma sai an soka allura kusa da zuciyar an zuƙe ruwan. Idan kuma na yi kuskure, na sa an kai allura inda ba ta da aiki, a wurin da ba a wasa da shi. Na'urar da za ta raba gardama ta lalace, ana jiran mai gyara. Wannan, Yaya, shi ne ainihin abin da aka yi aron ido dominsa.

Na ɗauki hoton na bi baranda ƙofa ƙofa. Wannan yana waya, ya ɗaga mini hannu alamar in jira, wayar ba ta ƙare ba. Wancan ya ce ƙirji ba fanninsa ba ne, alhali tare muka yi shekaru muna duba ƙirji. Mai Tabarau ta ce in ajiye. Ban ajiye ba. Washegari a taron safe na yi abin da ban taɓa yi ba, na miƙe tsaye na ɗaga hoton a gaban kowa, na ce ina roƙon wanda zai ara mini ido saboda Allah, domin mutumin nan ba shi da lokacin jira. Kowa ya sami abin karantawa a cikin takardunsa. Sai Babba ya ce, cikin fara'a, wai tun yaushe alƙali ya fara neman shawarar waɗanda ake tuhuma, ai idon Alƙaliya ya ishe ta, har ma ya yi saura ga sauran jama'a. Aka yi dariya, ba mai yawa ba, irin ta wanda ke tsoron kada a ga bai yi ba. Na zauna da hoton a cinyata. Ban ji haushi ba, abin mamaki.

Da hantsi ina saukowa ta matakalar baya, wadda ba a cika bi ba sai masu kai wanki, sai na ji ana kirana ƙasa ƙasa. Wani likita ne da muke kira Dogo, mutumin kirki mai iyali da yawa, wanda ke jiran ƙarin girma a hannun Babba. Ya ce in ba shi ya gani. Ya ɗaga hoton wajen ɗan hasken da ke shigowa ta tagar matakalar, ya yi mini tambayoyi, ya ce wallahi Hajiya abin da kika gani shi ne, ruwa ne, kada ki bari ya kwana. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ina shirin yi masa godiya sai ya waiga sama, ya waiga ƙasa, ya ce don girman Allah kada in ce ya duba, shi bai gan ni ba, ni ma ban gan shi ba, yana da 'ya'ya. Ya miƙo mini hoton kamar mai mayar da kayan sata, ya haye sama da sauri. Ban ga laifinsa ba, har addu'a na yi masa. Amma na daɗe tsaye a wurin. Abin da muke yi a fili da alfahari, ƙofa a buɗe, yau shi ne ake yi a ɓoye a matakalar masu wanki, kuma saboda ni.

Na je da kaina na sami likitan tiyata a ɗaya ginin, na yi masa bayani da sunana ni kaɗai. Kafin la'asar an zuƙe ruwan, mai yawa kuwa. Da na zo zagaye washegari na tarar da tela a kwance a miƙe, abin da ya daɗe bai yi ba, yana tsokanar maƙwabcinsa na gado. Yana ganina ya ce Likita, ke kin gyara mini zuciya, amma ni tun ranar da aka kawo ni aljihun farar rigarki ke hana ni sakat, ya ce duk wanda ya yi wannan ɗinkin ya kamata a karɓe kekensa a ba shi garma. Aljihun ya daɗe da yagewa, ban ma lura ba. Ya sa matarsa ta ciro allura da zare daga jakarta, ya rantse ba zan wuce gadonsa ba sai na tuɓe rigar. Na tsaya a gefe ina kallo yana ɗinkewa a kan gwiwarsa, hannunsa ko rawa ba ya yi, matar tana share hawaye tana sa mini albarka, ma'aikatan jinya suna dariya.

Yaya, a nan ne na tsorata. Ka tuna lokacin da na fara aiki, yadda nake dawowa gida in hana ku cin abinci da labarin wanda ya tashi bayan an fid da rai, har kake cewa a rufe mini baki da tuwo ko duk abin da ke kusa, don a samu a huta. Irin wannan ranar ce nake rayuwa dominta. Ga mutum yana numfashi, ga matarsa tana addu'a, ni kuwa na leƙa cikin zuciyata ban sami komai ba. Babu farin ciki, babu ko ɗan ɗumi. Na ce alhamdu lillahi da harshe, zuciyar tana can tana lissafin wane ne na gaba, da kuma ƙofar wa zan rasa idan nasa ya shige mini duhu. Na karɓi rigar na yi godiya, na wuce gado na gaba. Gajiyar jiki ba ta taɓa ba ni tsoro ba, da ita aka san aikin. Amma aikin da aka cire wa daɗi har mutum ya kasa gode wa Allah da zuciyarsa a kan ran da aka ceto, ina tsoron ranar da zan daina damuwa gaba ɗaya. Likitar da ta daina damuwa kuwa haɗari ce ga bayin Allah, gara ta zauna a gida.

Saboda haka ga amsata. Na yi istihara, na yi shawara da baban yara da Inna, kuma na yanke cewa zan bar wannan sashen. Ban yanke don fushi ba, ban kuma ce ni ce mai gaskiya a komai ba, Allah ne Ya san rabon kowa a cikin laifin. Na dai ga cewa zamana ya fara cutar da marasa lafiyata, domin duk wanda ya faɗo hannuna ido biyu kawai zai samu, maƙwabcinsa kuwa ya sami huɗu ko shida. Telan nan ya kwana da ruwa a ƙirji ba don komai ba sai don sunana ne a kan katinsa. Wannan ba zan iya ɗauka ba.

Sai dai kafin in ce maka ka kai takarduna can, ina da roƙo guda, kuma kada ka yi mini dariya. Kada ka tambaye su gidan da za su ba ni, ko girman ofis, ko yawan hutu. Ka sami wata safiya da ba ka da aiki, ka je ka zauna a bencin barandar da ofisoshin likitocinsu suke, kamar mai jiran layi. Ka zuba ido kawai. Ina so ka ga ko wani likita zai fito da kati a hannu ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwansa, ko za a buɗe masa, da kuma irin fuskar da za a buɗe masa da ita. Idan mace ce ta ƙwanƙwasa, ka ƙara lura. Ba ka san aikin likita ba, amma ka san fuskar mutane fiye da ni, tun muna yara kai ne ke gane baƙon da Inna ba ta so. Idan ka ga ana ƙwanƙwasawa ana buɗewa a fili, ka shiga ka ce musu ƙanwarka tana zuwa. Idan ba ka gani ba, ka faɗa mini gaskiya, in nemi wani wurin, domin ba ni da sauran ƙarfin da zan sake zama a bayan ƙofa ina sauraren taku yana wucewa.

Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, ka ce mata na ji saƙonta game da hawan jinin, kada ta daina shan maganin don ta ji sauƙi. Ka gaishe da babban ɗanka da amaryarsa, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Idan ka je wajen Kawu ka isar masa da gaisuwata da ban haƙuri a kan shiruna, haka ma Gwaggo, Allah Ya ƙara mata lafiya. Inna ta ce in gaya maka ta gaji da jin muryarka, fuskarka take so. Baban yara da yaran duk suna gaishe ku.

Ka sa ni a addu'a, Yaya, ba don a ba ni nasara a kan kowa ba, sai don Allah Ya mayar mini da zuciyar da na fara aikin nan da ita. Farar rigar tana nan rataye a bayan ƙofa, aljihunta ya fi sauran rigar ƙarfi. Da ita zan zo, idan ka ga ana buɗe ƙofa a can.

Wassalamu alaikum.

Ƙanwarka mai bi maka,
wadda ba ta gushe ba tana yi maka addu'a.